Haɗa Sautin Waƙa Don Wayar Hannu: Inda Riba Da Asara Suke Ɓuya

MINNA — Wayar hannu ta zama babbar kasuwar waƙoƙin Hausa a Nijeriya da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, bayan da ta maye gurbin kaset da faifan CD waɗanda a da su ne ke ɗauke da wannan ciniki. Sauyin ya shafi hanyar sayarwa, kamar yadda kowa ya sani, amma akwai ɓangarensa da masu zuba jari ba su cika kula da shi ba, wato yadda ake haɗa sautin waƙar da kuma gyara shi tun daga ɗakin ɗauka, domin ya dace da ƙaramar lasifikar da za a saurare shi da ita.

A unguwar Ketaren Gwari da ke Minna, babban birnin Jihar Neja, wadda ta yi suna da garejojin kanikawa, ana iya ganin ainihin yanayin da waƙar Hausa ke isa ga mai sauraro a wannan zamani. Waya ce ake ɗorawa a kan benci ko a sa a aljihun riga, tana kiɗa a tsakanin bugun guduma da kukan injin mota da ƙarar janareto. Minna gari ne na Gwarawa da Nufawa da sauran ƙabilu, amma Hausa ce harshen kasuwa, saboda haka waƙar da aka saki a Kano ko Kaduna da safe kan iso waɗannan garejoji kafin rana ta faɗi. Duk waƙar da baitinta bai fito sarai a irin wannan wuri ba, to ta rasa mafi yawan masu sauraronta, komai kuɗin da aka kashe a kanta.

Aikin da ke yanke wannan hukunci kashi biyu ne. Na farko shi ne haɗa sauti, wanda ma'aikatan situdiyo ke kira miksin: a ɗauki muryar mawaƙi da ta 'yan amshi da kowane kayan kiɗa, waɗanda aka ɗauka daban-daban, a ba kowanne matsayinsa da gwargwadon ƙarfinsa har su zama abu guda. Na biyu shi ne gyaran ƙarshe, wato mastarin, inda ake daidaita ƙarar waƙar gaba ɗaya, a shirya ta yadda za ta fita kasuwa. Idan aka kwatanta da sana'ar ɗinki, na farko shi ne yanka da haɗa riga, na biyu kuwa guga da ninki kafin a miƙa wa mai ita.

Daga kaset zuwa memori

Masana'antar fina-finan Hausa, wadda ake ƙirga farkonta daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, ita ce ta haifar da kasuwar waƙoƙin situdiyo a Kano. A rabin ƙarshe na shekarun 1990 fiyano ƙirar Yamaha ta shigo, ta ba mutum ɗaya damar yin aikin da a da sai an tara makaɗa da yawa. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 na daga cikin waɗanda suka nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa kaɗai na iya sayar da fim. A wancan lokaci kaset ne haja, kasuwar Ƙofar Wambai ce cibiyar dillalai, rediyo mai kaset kuwa shi ne abin sauraro a gida da shago.

A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda kowane lasisi ya tashi a kan Dala miliyan 285. Kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, Globacom ya biyo baya a 2003. Kafin wannan lokaci layukan tarho masu aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, amma a 2023 layukan salula sun haura miliyan 200. Da wayoyi masu ɗaukar memori suka yawaita, sai wata sabuwar sana'a ta ɓullo, ta masu tura waƙoƙi daga kwamfuta zuwa waya a kan ɗan kuɗi kaɗan, irin waɗanda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da kewayen rukunin shagunan Obasanjo a Minna. Daga nan Bluetooth da Xender da WhatsApp suka ƙarasa aikin.

Ƙarfin wannan hanya ya bayyana a labarin Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa daga Jamhuriyar Nijar. A 2008 ya ɗauki kundin waƙoƙinsa mai suna Anar a Sakkwato, da irin salon situdiyon waƙoƙin fina-finan Hausa. Ba wani kamfani da ya raba kundin a lokacin, amma waƙoƙin suka yi ta tafiya daga waya zuwa waya a yankin Sahel, har wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sa ɗaya daga cikinsu a tarin waƙoƙin da ya fitar a 2011. Daga bisani mawaƙin ya zama mai zagaya ƙasashen Turai da Amurka. Haka nan a 2020, lokacin zaman gida na annobar korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game gari ta hanyar gajerun bidiyon da jama'a suka riƙa ɗauka da wayoyinsu.

Abin da lasifikar waya ke iya ɗauka

Sauti dai kaɗawar iska ne, kuma ana auna shi da adadin kaɗawar a cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da ake kira Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga Hertz 20 zuwa kusan 20,000. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga da bes, yana zaune ne a ƙasa, tsakanin Hertz 40 zuwa 100 ko sama da haka kaɗan. Sauti siriri mai kaifi yana can sama, murya kuwa da mafi yawan kayan kiɗa suna tsakiya.

Matsalar waya ta girman jiki ce. Lasifikarta ba ta wuce faɗin farcen babban yatsa da yawa ba, alhali fitar da sauti mai kauri na bukatar tura iska mai yawa. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da aka rage adadin kaɗawa da rabi, sai lasifika ta tura iska ninki huɗu kafin a ji sautin da ƙarfi ɗaya. Wato daga Hertz 400 zuwa 100 ninki 16 ke nan, zuwa Hertz 50 kuwa ninki 64. Wannan ya fi ƙarfin kowace lasifikar waya, shi ya sa mafi yawansu ke fara gazawa da zarar sauti ya sauka ƙasa da 'yan ɗaruruwan Hertz. Bes ɗin da ya girgiza bangon situdiyo har mai waƙa ya yi murna ya biya kuɗi, a waya babu shi sam.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Kowane fayil na sauti yana da iyakar ƙarfin da zai iya ɗauka, kamar yadda mudu yake da iyaka. Sauti mai kauri shi ne ya fi cin wuri a cikin wannan mudu. Idan injiniya ya cika shi da bes ɗin da waya ba ta iya fitarwa, to ya rage wa murya wurin zama ke nan a kan abin da mai sauraro ba zai taɓa ji ba. Shi ya sa ƙwararru kan yanke kaurin da ba shi da amfani daga murya da fiyano da sauran kayan da ba su bukatarsa, su bar shi ga ganga da bes kaɗai.

Akwai kuma dabarar sa mai sauraro ya ji kauri ko da lasifikar ba ta fitar da shi ba. Kowane sauti na kayan kiɗa yana da uwa da 'ya'ya: idan uwar tana kan Hertz 100, 'ya'yan suna kan 200 da 300 da 400, haka har sama. Kunnen ɗan Adam idan ya ji 'ya'yan a jere, yakan ƙaddara uwar da kansa. Tsohon tarhon NITEL misali ne da duk wanda ya yi amfani da shi zai gane. Layin tarho yana ɗaukar sauti ne daga Hertz 300 zuwa 3,400 kawai, uwar muryar namiji baligi kuwa tana ƙasa da 200, amma duk da haka ba a kasa gane cewa namiji ne ke magana. Injiniyan da ya san aikinsa yakan ƙarfafa 'ya'yan bes da na ganga domin su bayyana a tsakiya, inda waya ke da iko.

Murya ita ce uwar haja

Waƙar Hausa tun asali magana ce. Abin da Bahaushe ke nema a wajen Alhaji Mamman Shata ko Alhaji Musa Ɗanƙwairo ko Ɗanmaraya Jos shi ne baiti da azanci da kirari, kiɗa kuwa rakiya ne. Har yanzu tsofaffin waƙoƙin waɗannan mawaƙa suna fita sarai a ƙananan wayoyi, ko da yake an ɗauke su tun kafin a san za a yi irin waɗannan na'urori. Dalili kuwa shi ne murya ce a gaba, kuma kalangu da kotso da kuntigi kayan kiɗa ne masu bugu mai kaifi wanda ƙaramar lasifika ke iya fitarwa.

Harshen Hausa kansa ya ƙara wa lamarin nauyi. Bambancin da ke tsakanin kara da ƙara, ko bari da ɓari, ko kafa da ƙafa, ɗan gajeren sauti ne da ke farkon kalma, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Mafi yawan abin da ke bambanta baƙaƙe yana zaune ne daga Hertz 2,000 zuwa sama, kuma tsakanin 2,000 da 5,000 ne kunne ya fi saurin ji. Idan aka cika amsa-kuwwa a kan murya, ko aka bar sarewar fiyano da sauran siraran sautuka suna gogayya da ita a wannan wuri, to baƙaƙen sukan dushe, mai sauraro ya ji daɗin karin amma bai kama maganar ba. Ga waƙar soyayya wannan naƙasu ne, ga waƙar talla kuwa asara ce tsagwaronta, tun da sunan kamfani da na haja da adireshin shago su ne abin da aka biya kuɗi domin a ji.

Sai dai kuma ko zuma aka yi wa yawa takan gundura. Lasifikar waya da ma can ta karkata ga sauti siriri, saboda haka idan aka ƙara wa murya kaifi fiye da kima, haruffa irin su s da sh da ts sukan riƙa sukar kunne, musamman ga mai sa iyafis. Manhajar Auto-Tune, wadda kamfanin Antares na Amurka ya fitar a 1997 kuma ta zama alamar waƙoƙin nanaye, takan ƙara wannan kaifi idan aka matsa mata. Gwanintar injiniya ita ce ya fito da murya gaba ba tare da ta zama allura ba.

Kunne biyu, lasifika ɗaya

A situdiyo ana aiki ne da lasifika biyu, dama da hagu, tsarin da ake kira sitiriyo. Injiniya na iya sa 'yan amshi a gefe guda, fiyano a ɗaya gefen, ya faɗaɗa sautin har ya cika ɗaki. Amma wayoyi masu rahusa, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun jama'a, lasifika ɗaya gare su, haka nan da yawa daga ƙananan akwatunan Bluetooth da ake ajiyewa a shaguna da teburan masu shayi. Irin waɗannan na'urori sukan haɗe dama da hagu su zama ɗaya.

A nan ne wata illa ke ɓuya. Wasu dabarun faɗaɗa sauti suna aiki ne ta hanyar sa ɓangaren dama ya tura iska a daidai lokacin da na hagu yake janyo ta. A lasifika biyu wannan yana ba da faɗi mai ban sha'awa, amma da zarar an haɗe su wuri guda sai su kashe juna, kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya. Sakamakon shi ne amshi ya yi rauni ko wani kayan kiɗa ya ɓace ɗungurungum. Maganin ba ya cin ko kwabo: kowace manhajar haɗa sauti, ko FL Studio ce ko Cubase, tana da hanyar mayar da waƙa lasifika ɗaya domin gwaji kafin a rufe aiki. Murya da ganga da bes kuwa tsakiya ake ajiye su.

Wannan ba sabon darasi ba ne a duniya. A shekarun 1960 kamfanin Motown na birnin Detroit a Amurka yakan gwada waƙoƙinsa da ƙaramar lasifika irin ta rediyon mota, domin ya san da ita matasan da ke sayen fayafayansa suke sauraro. Manyan situdiyoyi na Turai da Amurka sun ci gaba da ajiye ƙananan lasifiku irin su Auratone a gefen manya saboda wannan dalili.

Gasar ƙara

Abu ne sananne cewa idan aka kunna waƙoƙi biyu a jere, kunne yakan ɗauka wadda ta fi ƙara ita ce ta fi kyau. Wannan ya jawo gasa a tsakanin situdiyoyi, kowa na matse sautinsa da na'urar da ke danne ƙololuwar bugu domin a samu damar ɗaga sauran. Matsewa daidai gwargwado tana da amfani, musamman ga mai sauraro a gareji ko kasuwa, domin wurin da mawaƙi ya sassauta murya ba zai nutse cikin hayaniya ba. Idan ta wuce kima kuwa, ganga takan rasa bugunta, sauti ya fashe, kunne ya gaji tun waƙar ba ta kai rabi ba.

Manyan dandalin sauraro na intanet sun rage wa wannan gasa armashi. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar auna ƙarar sauti a 2006, wadda daga gare ta aka samu ma'aunin da ake kira LUFS. Ana rubuta shi da alamar ragi, kuma gwargwadon kusancin adadin da sifili, gwargwadon ƙarar waƙar. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta tsayar da -23 a 2010. Spotify, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Fabrairu na 2021, yana daidaita waƙoƙi a kan -14, YouTube ma yana rage ƙarar duk abin da ya wuce kusan wannan adadi. Ma'ana, wanda ya matse waƙarsa har ta kai -7 za a rage masa ita ta dawo daidai da ta kowa, amma fashewar da ya jawo mata tana nan. Ya yi asarar inganci, bai kuma samu ƙarar ba. Spotify ya kuma ba da shawarar a bar tazarar desibel ɗaya ƙasa da iyaka, domin sauya fayil daga wani nau'i zuwa wani yakan ɗan ɗaga ƙololuwar sauti.

Abin lura a nan shi ne kasuwar Arewa kashi biyu ce. Fayil ɗin da aka tura ta memori ko Xender babu mai daidaita masa ƙara, yadda ya fito daga situdiyo haka zai yi kiɗa kusa da na wasu. Saboda haka hanya mafi dacewa ita ce a fitar da kwafi biyu daga uwa ɗaya: ɗaya mai sarari domin dandalin intanet, ɗaya mai ɗan ƙarin ƙarfi domin turawa daga waya zuwa waya, amma ba har ya fashe ba.

Nauyin fayil da kuɗin data

Sauti mai ingancin faifan CD yana cin kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, wato waƙar minti 5 ta kai kusan megabait 53. Tsarin MP3, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa kuma aka amince da shi a farkon shekarun 1990, yana zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsa ba. A kan kilobit 128 waccan waƙa za ta koma megabait 4.8, a kan 320 kuwa megabait 12. Gigabait ɗaya na memori ko na data zai ɗauki waƙoƙi kusan 200 a kan kilobit 128, amma bai kai ya ɗauki 20 ba idan da cikakken nauyinsu suke. Tun da Hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, wannan lissafi ya ƙara muhimmanci ga mai saye.

Illar ita ce abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa, kuma duk lokacin da aka sake matse fayil ɗin da aka riga aka matse, sai an sake zubar da wani abu. Waƙar da aka ɗora a bidiyo, aka tura ta WhatsApp, wani ya ciro sautin ya mayar MP3, wani kuma ya manna mata tallar shagonsa ya sake matsewa, ta zama kamar takardar da aka yi wa hoto daga hoto sau huɗu. Siraran sautuka ne ke fara lalacewa, wato daidai wurin da baƙaƙen Hausa suke. Waƙar da aka haɗa da tsabta, babu cunkoson kayan kiɗa, ita ce ta fi jure wannan tafiya. Haka nan tura fayil a matsayin takarda a WhatsApp yana isar da shi yadda yake ba tare da an taɓa shi ba, kuma mai waƙa zai taimaki kansa idan shi ne ya fara sakin kwafi mai kyau, mai ɗauke da sunansa da sunan waƙar a jikin fayil.

Lissafin ɗan kasuwa

Ta fuskar tattalin arziki, waƙa haja ce mai ban mamaki. Kusan duk kuɗin samar da ita ana kashe shi ne sau ɗaya, a kan kwafin farko, kwafi na biyu har zuwa na miliyan kuwa kusan kyauta ne. Wannan yana nufin kuɗin da aka ƙara domin a gyara sauti da kyau yana rarrabuwa a kan duk masu sauraro har ya zama ba a bakin komai ba, haka nan aibin da aka bari yana bin kowane kwafi. A zamanin kaset, mai kamfani na iya tsayar da bugu ya gyara uwar kaset ya ci gaba. A zamanin waya kuwa magana zarar bunu ce, abin da ya fita ya fita.

Bugu da ƙari, tun da kwafi ya daina kawo kuɗin kirki, mawaƙi yana samun abin hannunsa ne daga wasan biki, da waƙoƙin talla, da na 'yan siyasa da masu sarauta, da waƙar da mai kira ke ji kafin a ɗauki waya, da kuma abin da YouTube da Audiomack da Boomplay ke biya. Waƙar da ke yawo a wayoyi ita ce allon tallar da ke janyo waɗannan ayyuka. Boomplay ma, wanda ya fara a Nijeriya a 2015, ya samu gindin zama ne ta hanyar zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, abin da ke nuna irin na'urar da ake sauraron waƙoƙin da ita.

A ɓangaren masu situdiyo, kuɗin aiki ya hau tun daga 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni. Kusan duk kayan situdiyo daga waje ake shigo da su, janareto kuwa sai da mai. Ko a Jihar Neja, mai masaukin madatsun wutar lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru, ƙananan masu sana'a ba su rabu da janareto ba. Wutar Nijeriya tana kaɗawa ne sau 50 a daƙiƙa, kuma idan haɗin wayoyin situdiyo ba shi da kyau, gurnaninta yakan shiga makirfo. Uwar gurnanin ba ta fita a waya, amma 'ya'yanta suna fita a matsayin zuza a ƙarƙashin murya. A irin wannan yanayi, jarin da ya fi saurin biya ba lallai ne sabuwar lasifika mai tsada ba. Gyara haɗin wuta, da lulluɓe bangon ɗakin ɗauka da abin da ke shanye amsa-kuwwa, da ajiye wayoyi biyu ko uku masu rahusa domin gwaji, sun fi sauƙi kuma amfaninsu a bayyane yake.

Abin da mai biyan kuɗi ya kamata ya nema

Ɗan kasuwar da zai sa a yi masa waƙar talla, ko mai ɗaukar nauyin mawaƙi, yana cikin matsayin mai sayen hajar da bai san sirrinta ba, kuma ana nuna masa ita ne a wurin da ta fi kyau, wato gaban manyan lasifikun situdiyo. Hanyar kare kai ita ce kada a biya cikon kuɗi sai an tura waƙar a wayarsa, ya fita da ita bakin titi ko cikin kasuwa, ya ba wanda bai taɓa jin ta ba ya saurara, sannan ya tambaye shi abin da aka ce. Idan mutumin ya maimaita sunan haja da inda ake samunta, aiki ya yi. Bayan haka a gwada ta da iyafis, da rediyon mota, da babbar lasifikar taro, domin gyara don waya bai kamata ya sa waƙar ta zama fanko a wurin biki ba.

Na biyu, ya karɓi uwar waƙar da cikakken nauyinta, wato fayil nau'in WAV, ba MP3 kaɗai ba, tare da kwafin kiɗa zalla da na murya zalla. Da waɗannan ne za a iya yanko gajeriyar talla ta rediyo ko a sauya baiti nan gaba ba tare da an sake aiki daga farko ba. Na uku, a ƙayyade tun farko sau nawa za a yi gyara a cikin kuɗin da aka yi ciniki. Na huɗu, a rubuta wanda ya mallaki aikin. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa miƙa haƙƙi ga wani ko ba shi izini na shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce. Yarjejeniyar baka, wadda aka saba da ita a wannan sana'a, ita ce tushen yawancin rigingimun da ke tasowa idan waƙa ta karɓu.

Ana sa ran wayoyi za su ci gaba da inganta, kuma masu lasifika biyu suna ƙara sauka zuwa farashin da talaka zai iya. Amma muddin waya za ta shiga aljihu, lasifikarta ƙarama ce, ƙa'idar tura iska kuwa ba ta sauyawa. Situdiyon da ya horar da ma'aikatansa a kan wannan, ya kuma sa gwajin waya a cikin sharuɗɗan aikinsa, shi ne zai riƙe abokan ciniki a Minna da Kano da Kaduna, musamman yayin da bukatar waƙoƙin talla da na siyasa ke ƙaruwa a duk lokacin da zaɓe ya ƙarato.